Injin Jabal Awliya da Rantsuwar da Na Hana

Shekarun baya, lokacin ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar sana'a a Khartum, ina da aboki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji da ƙananan masana'antu. Sana'arsa naɗin injin lantarki. In inji ya ƙone a kawo masa, ya buɗe, ya zare ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa, ya gasa, ya mayar. Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, ni ma haka. Shi kuwa Baturen Kano yake ce mini, don daga Kano na fito, na yi karatu a Jamus, na yi aiki a Legas da Jidda kafin in sauka Sudan.

Kakanninsa da ƙafa suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka tsaya tsintar auduga a yankin Jazira na Sudan, tsayuwar ta zama zama. A can aka haife shi. Bai iya rubutu ba sai ɗan na allo, kuma in yana magana Hausa da Larabci tare suke fita. Na ga masu naɗi a Kano, na ga na Jidda, na ga na Jamus da na'urarsu mai ƙirga zagaye da kanta. Ban ga mai hannunsa ba. Shi da leɓe yake ƙirga zagayen waya, kamar mai jan carbi, kuma ko gini ne ya rushe a bayansa ba zai amsa maka ba sai ya kai ƙarshe. Duk ranar Alhamis nakan je warsharsa, wato shagonsa, mu ci wake tare da hantsi, ya yi ta tsokanata wai na ƙare ƙuruciyata ina karanta abin da shi yake ji da kunne.

Wata Alhamis na iso na tarar da taro a ƙofar warshar. Wani ƙaton inji mai layin wuta uku yana kwance a tsakar fili, mutane sun kewaye shi kamar gawa. Manoma ne daga Jabal Awliya, masu ƙungiyar ban-ruwa. Injin shi ke jawo musu ruwa daga Farin Nilu zuwa gonakin tumatir da albasa. Ya ƙone, Usta ya naɗa musu, bai yi wata guda ba ya fara zafi yana yanke wuta. Wani daga cikinsu ya ce ai a fili take: Usta ya kwashe tagulla mai kauri ya sa musu siririyar waya.

Wanda bai san wannan sana'a ba ba zai gane nauyin maganar ba. Mai naɗi amanarsa a rufe take. Da zarar an mayar da murfi ba mai ganin abin da ya sa a ciki. In aka ce yana rage waya, an gama da shi.

Shugaban manoman wani dattijo ne mai farin rawani, shi ma Bahaushen Jazira ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Usta, ubanka da ubana sun yi layi ɗaya a gonar auduga. Ba na son wannan magana, amma mutanena suna so su ji daga bakinka."

Usta ya ce, "Ya Hajji, ku kunna shi ku saurara. Kukansa hawa yake yana sauka. Ciwon a cikinsa yake, ba a naɗina ba. Amma tunda an kai nan, a kawo Alƙur'ani in yi alwala."

Dattijon ya ce, "In ka dafa, khalas, magana ta ƙare. Mu ɗauki injinmu mu nemi ciwon a wani wuri, kuma duk wanda ya sake ɗaga maganar da ni yake."

Da na yi shiru da a nan ta ƙare. Haka suke kashe irin wannan rigima tun kafin in san hanyar Sudan. Amma sai na kutsa tsakiya na ce, "Haba jama'a, me ya kai mu rantsuwa a kan abin da ake iya aunawa? Ku ba ni kwana biyu."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don kare abokina na yi, don ba na son in ga hannunsa a kan Littafi kamar wanda ake tuhuma. Akwai wannan. Amma akwai kuma Baturen Kano da ya ga fili. Shekara da shekaru ana yi mini dariya a warshar nan, ga ranar da takarda za ta wanke mai kunne.

Usta ya ce, "To a yanke naɗi ɗaya a duba kaurin wayar mana."

Manoman suka ce a'a, ba za a ɓata musu sabon naɗi ba. Ni kuma na ce, da murmushina, "Ba sai an yanka ba, Usta. Lissafi zai shiga inda wuƙa ba ta shiga ba."

Bari in ɗan yi muku bayanin abin da na yi niyya, don ku gane inda na faɗi. Irin wannan inji kashi biyu ne. Akwai naɗin waya da ke tsaye a jikin ganga, akwai kuma dunƙulen da ke juyawa a tsakiya, rota, mai sandunan ƙarfe a jere. Masu ilmin abin sun gano cewa ana iya zana halin injin duka a takarda da lambobi ƙalilan: turjiyar da wayar naɗi ke yi wa wuta, turjiyar rota, ƙarfin maganaɗisun da ke tsakaninsu, da abin da ke zurarewa a banza. Gwaji uku ke fitar da lambobin. Na farko a haɗa batir da naɗin a auna turjiyar wayar, inji na kashe. Na biyu a kunna shi ya yi ta juyawa ba ya jan komai, a ga abin da yake ci. Na uku a ɗaure shi tamau ya kasa juyawa, a ba shi wuta kaɗan-kaɗan har ya ja iyakar abin da aka rubuta masa. Siririyar waya ta fi mai kauri turjiya, don haka in an rage kauri gwajin batir zai tona. Kuma dattijon yana da takardar kamfanin da ya ƙera injin, a ninke cikin leda a aljihun jallabiyarsa, da lambobin asali a jiki. Da Jamusanci aka rubuta ta. Duk Mantiƙa ni kaɗai ke iya karanta ta, kuma sai da na tabbatar kowa ya san haka.

Ranar Asabar na aro mitoci da na'urar rage ƙarfin wuta daga makaranta, na loda a bayan a-kori-kura. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Khartum da ko ƙofar mota ba ka iya dafawa. Muna isa aka ɗauke wuta. Muka zauna jira a inuwa, injin yana can a fili rana na dukansa tun safe har bayan azahar. Ban yi gwajin batir a lokacin ba, alhali ba ya buƙatar wutar gari, don manoman ba su gama isowa ba, ni kuma ina so a yi komai a gaban idonsu.

Da wuta ta dawo sai na ce mu yi sauri mu fara da masu buƙatarta kafin a sake ɗaukewa. Muka kunna shi ba kaya, ya juya lafiya, lambobin suka yi kyau, alamar zagayen naɗin ya cika. Na kalli Usta na ɗaga masa gira. Sannan muka ɗaure shi da ƙarfe da sarƙa, na fara ba shi wuta. Inji a ɗaure gurnani yake yi yana ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa ba a daɗewa. Ni don tsabar son a ce na yi aiki da tsanaki, sau uku na maimaita.

Da na ɗauko batir, Usta ya kai bayan hannunsa jikin gangar ya janye da sauri. Ya ce, "Bature, bar shi ya huce mana. Mu sha shayi."

Na ce, "Mutanen nan Jabal za su koma, hanya da nisa. Minti biyu ne."

Ya ce, "Kai ka sani. Ni dai ko mutum ba na yi wa tambaya yana cikin zazzaɓi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na auna, na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi lissafi. Turjiyar naɗin ta haura ta takardar kamfani da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Na sake lissafawa. Haka ta sake fitowa. Daidai abin da za ka gani ke nan in an sauko da kaurin waya mataki ɗaya. Turjiyar rota ma ta hau, fiye da haka ma, har na sa mata alamar tambaya a gefe. Amma ba a kanta aka tambaye ni ba, kuma zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. Tunani nake: ashe shekarun nan duka da wa nake cin wake?

Dattijon ya ce, "Ya Ustaz, me takarda ta ce?"

Usta yana goge hannu da tsumma, yana murmushi. Ya ce, "Faɗa musu mana, Bature, su tafi gida."

Da Larabci na faɗa. Na lura tun ina yaro cewa magana mai nauyi ta fi sauƙin fita da harshen da ba naka ba. Na ce zagaye ya cika, amma wayar ba ta kai ta asali kauri ba.

Usta ya matso kusa da ni, ya tambaye ni da Hausa, a hankali, "Ni kake nufi?"

Na ce, "Ba ni na ce ba, Usta. Mita ce ta ce."

Ya ce, "Mitar ta san ni?"

Na mayar da idona kan takardata. Ya juya wajen dattijon ya ce har yanzu a kawo Alƙur'ani. Dattijon ya girgiza kai, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Bari, Usta. Kada ka haɗa laifi biyu." Suka ɗora injinsu a mota, ba zagi ba hayaniya, suka tafi. Da sun zage shi ma da ya fi sauƙi.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama Mantiƙa, daga wannan mai shayi zuwa waccan. Kuma ba a cewa manoma sun zarge shi. Cewa ake abokinsa ne da kansa, wanda ya yi karatu a Turai, ya auna ya kama shi. Masu kawo masa aiki suka ragu. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sai su zo da wayarsu a hannu, su ja kujera su zauna suna kallonsa har ya gama, sannan su nemi guntayen da suka rage. Mutumin da a da in yana ƙirga ba a yi masa magana. Na ji labarin nan duka daga nesa, don na daina zuwa. Abin kunyar shi ne a lokacin ni nake ganin an cuta. Har ina ba abokan aikina labari a matsayin misalin yadda gaskiya ba ta san abota ba.

Wajen wata takwas bayan haka ina tsaye a kasuwar Suk al-Arabi ina jiran mota, wani mutum ya yi mini sallama. Mai naɗi ne daga Omdurman, shi manoman suka kai wa injin daga baya. Ya ce, "Ba kai ne ustazun da ya auna injin Jabal ba? Ai ya ba mu wuya. Na sake masa naɗi gaba ɗaya, bai yi wata ba ya koma zafi. Tumatirinsu duk ya bushe a bana. Sai da na zare rotar na duba, ashe sanduna uku ne suka tsage."

Na ce, "Wayar da ka cire fa?"

Ya ce, "Wayar lafiyarta ƙalau. Na auna kaurinta, daidai da ta asali. Wallahi naɗi ne da sai da na ji nauyin sa masa almakashi."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya buɗe hannuwa. "Ya Ustaz, wa ya tambaye ni? Mai takarda ya riga ya yi magana."

Ban hau motar da nake jira ba. Na koma gida na buɗe littafin da na yi lissafin a ciki. Ga layin da ake rubuta zafin inji lokacin awo, fanko. Ga lambobin da na kwafo daga takardar kamfani, kuma na tuna ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasanta, wanda na gani na wuce: an auna su ne a zafi digiri ashirin, a ɗaki mai sanyi a ƙasar sanyi. Ni kuwa na auna naɗin da ya wuni a ranar Khartum, na kuma gasa shi sau uku da hannuna. Tagulla in ta yi zafi turjiyarta ƙaruwa take yi. Wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibai a makonsu na farko. Ga kuma alamar tambayata a gefen lambar rota, tana nuna mini ciwon da Usta ya ji da kunne tun ranar farko.

Washegari bayan la'asar na haye gada zuwa Omdurman, inda gidan Usta yake. Ya riga ya rufe warsharsa ta Mantiƙa, wani mai walda ya shiga. Maiɗakinsa ce ta amsa sallamata. Ta ce, "Malam, ashe kana gari," ta juya ta koma ciki. Na same shi zaune a kan gadon igiya ƙarƙashin darbejiya, ya rame, hannuwansa sun yi fes. Ban taɓa ganin hannunsa ba baƙin mai ba.

Na zauna na fara bayani, zafi da digiri da sandunan rota. Ya bar ni har na gama. Na ce, "Usta, wayarka daidai take."

Ya ce, "Na sani. Ai ni na naɗa."

Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Yafiya mai sauƙi ce, Malam, na yafe." Tun da muke bai taɓa ce mini Malam ba. "Amma waccan maganar ba a tsakar gidana ka faɗe ta ba. Wannan ma ba nan ne wurinta ba."

Ranar Juma'a na tafi Jabal Awliya, na miƙe bayan salla na faɗi komai, da Hausa da Larabci. Dattijon ya yi ta istigfari, ya kuma tako har Omdurman ya ba Usta haƙuri. Na bi Mantiƙa shago-shago. A nan na gane abin da ban sani ba duk yawona. Ƙaryar da na shuka jimla ɗaya ce: yana rage waya. Ko jahili ya riƙe ta. Gaskiyar kuwa sai an zauna, sai an yi bayanin zafi da turjiya, kafin in kai rabi mutum ya koma kan aikinsa. Wasu suka ce Allah sarki. Wasu suka jira na juya baya suka ce ai dole, abokinsa ne, tausayi ya kama shi.

Na roƙe shi ya sake buɗe warsha, na ce zan zauna a ƙofa kullum in yi wa kowa bayani. Ya ce shi ba zai yi sana'ar da sai an tsaya masa a ƙofa ba. Na ci gaba da zuwa gidansa lokaci-lokaci. Yana karɓata da mutunci, a kawo shayi, mu yi hirar ruwan Nilu da tsadar gawayi. Bai sake tsokanata ba ko sau ɗaya.

Bayan 'yan shekaru ya rasu. A maƙabarta, ana cikin zuba ƙasa, wani mutum da ban sani ba yana tsaye kusa da ni. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mutumin kirki ne wallahi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin tagullar nan."

Na riƙe hannunsa na ce, "Bawan Allah, bai taɓa rage waya ba. Awon ne aka yi kuskure. Ni ne na auna."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya zare hannunsa a hankali. Ya ce, "To, Allah dai shi ya sani."

Na bar Sudan da jimawa, kuma da abin da ya sami Khartum daga baya ban san ko bangon warshar yana tsaye ba. Gwajin nan uku har gobe ina ganin girmansu, ba su yi mini ƙarya ba. Mita ta faɗi abin da ta gani, inji mai zafi ta gani. Ni ne na ɗauki lamba ɗaya na ɗora a kan shekara talatin na mutum, na kuma ɓuya a bayanta na ce ba ni ba ne. Mutanen nan suna da hanyarsu ta raba gardama, na ture ta don na raina ta, ban kuwa bi tawa hanyar yadda aka koya mini ba.

Wasu in na ba su labarin sukan ce ai ka gyara, ka je ka faɗi gaskiya, ya kuma yafe maka. Haka ne. Amma na san akwai mutane a Omdurman, ko duk inda yaƙi ya watsa su, da har yau in aka ambaci abokina sukan roƙa masa gafarar laifin da bai yi ba. Ban san sunayensu ba, ban san yawansu ba, kuma na tsufa da bin su ɗaya-ɗaya. Shi ya sa na rubuta a nan, inda za a gani: wayarsa daidai take.